Sanatan da Ake Ji da Sanatan da Ke Sauya Doka

Hanyoyi biyu akasarin mutane ke bi su yanke wa sanata hukunci. Ko dai su ga ɗan guntun bidiyonsa yana zazzaga faɗa a zauren majalisa, su ce lallai wannan ya cika wakili, ko kuma hadimansa su fitar da jerin ƙudirorin da ya gabatar, a ƙirga, a ce ya yi aiki. Wanda bai fito a bidiyo ba, jerinsa kuma bai yi tsawo ba, shi ne ɗan ɗumama kujera. Ba za a ce ma'aunan nan biyu ƙarya ne tsagwaronta ba. Sai dai duk wanda ya san yadda doka ke shiga majalisa da yadda take fita ya san su ne mafi sauƙin yi wa maguɗi.

A fara da jerin ƙudirorin. Gabatar da ƙudirin doka ba wani jan aiki ba ne. A majalisun da suka ɗauko tsarinsu daga Ingila, karatu na farko bai wuce akawun majalisa ya miƙe ya karanta sunan ƙudirin ba, babu muhawara, babu jayayya. Shi ke nan sunan sanata ya shiga lissafi. A karatu na biyu ne ake tafka muhawara, ita ma a kan manufar ƙudirin dunƙule, wato ana buƙatar doka irin wannan ko ba a buƙata, ba a kan kalmominsa ba. In ya tsallake sai a miƙa shi ga kwamiti, kwamiti ya kira zaman jin ra'ayin jama'a, ya dawo da rahoto, majalisa ta bi shi sashe bayan sashe, sannan a yi karatu na uku. Ko an kai nan da sauran rina a kaba, domin sai ɗaya majalisar ta amince, in an sami saɓani a kafa kwamitin sasantawa, sannan a kai wa shugaban ƙasa. A Najeriya sashe na 58 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ba shugaban ƙasa kwana 30 ya sa hannu ko ya ƙi. In ya ƙi, majalisun biyu na iya tsallake shi da kashi biyu bisa uku na kowace. An yi hakan a 2000 a kan dokar kafa hukumar raya yankin Neja Delta, lokacin da Obasanjo ya ƙi sa hannu, amma ba abu ba ne da ake gani kullum.

Galibin ƙudirori ba sa kai ko rabin wannan tafiya. Suna kwanciya a kwamiti har wa'adin majalisa ya ƙare, su mutu tare da ita, wanda ya dawo ya sake gabatarwa daga farko, a sake ƙirga masa. Dokar masana'antar man fetur ta Najeriya ta fara shiga majalisa a 2008, ba a sa mata hannu ba sai 16 ga Agustan 2021, bayan majalisu huɗu sun yi ta juya ta. Wannan doka ce da gwamnati da kamfanoni da jihohi duk idonsu ke kanta. To ina ga ƙudirin sanata guda da ke neman a kafa jami'a ko asibitin tarayya a mazaɓarsa, ba tare da ya faɗi inda kuɗin za su fito ba? Shi kansa ya san ba za ta haihu ba. Amfaninsa a fosta yake.

Haka nan mutane kan haɗa ƙudirin doka da ƙudirin jan hankali, wanda sanata kan kawo idan an yi ambaliya ko hari ko wata annoba. Wannan yana ƙarewa ne da matsaya: majalisa ta yi kira, majalisa ta buƙaci ma'aikata kaza ta yi kaza. Matsaya ba doka ba ce, ma'aikata na iya jin ta ta kawar da kai. Ba a ce ba ta da amfani ba, don takan buɗe ƙofar bincike, kuma sassa na 88 da 89 sun ba majalisa ikon gayyatar mutum ya zo ya yi bayani da takardunsa. Amma sanatan da ya kawo irin wannan ƙudiri sau ashirin bai bi ko ɗaya ya ga inda aka kwana ba, magana kawai ya yi.

Inda doka ke sauya kama shi ne lokacin da ake bin ta sashe-sashe, kuma nan ne kyamara ke gajiya ta kau da kai. Misali mafi kyau shi ne abin da ya faru a majalisar dattawan Najeriya ranar 15 ga Yulin 2021, ana gyaran dokar zaɓe.

Kwamitin da ke kula da hukumar zaɓe, wanda Sanata Kabiru Gaya ke shugabanta, ya kawo rahoto. A sashe na 52, ƙaramin sashe na 3, rahoton ya ce hukumar zaɓe tana iya aika sakamako ta na'ura a inda hakan zai yiwu da lokacin da zai yiwu. Jimla ɗaya ce tak. Sanata Aliyu Sabi Abdullahi na Neja ta Arewa ya miƙe ya kawo gyara: hukumar na iya yin hakan, amma da sharaɗin hukumar sadarwa ta ƙasa ta tabbatar akwai wadatacciyar hanyar sadarwa mai tsaro, kuma majalisar tarayya ta amince. Hujjar masu goyon bayansa ita ce akwai ƙauyuka da dama da ba su da sabis, kada a tauye su. Masu adawa suka ce ai wannan ɗaure hukumar zaɓe ne da igiyar wata hukuma da kuma ta 'yan siyasar da za su tsaya takara, alhali kundin tsarin mulki ya ce kada kowa ya juya ta. Sanata Albert Bassey Akpan na Akwa Ibom ya nemi a bar jimlar yadda kwamiti ya kawo ta. Shugaban majalisa Ahmad Lawan ya sa aka yi ƙuri'ar murya, ya buga guduma ya ba gyaran Sabi nasara. Zaure ya yamutse, aka shiga zaman sirri, aka fito ba a daidaita ba.

A nan ne shugaban marasa rinjaye, Enyinnaya Abaribe, ya ɗauko wata ƙa'ida da ke cikin littafin dokokin majalisa, wadda ke ba sanata damar ƙalubalantar hukuncin murya ya nemi a ƙirga. Dole aka riƙa kiran sanatoci ɗaya bayan ɗaya, jiha bayan jiha, kowa ya miƙe ya faɗi matsayinsa da bakinsa. Sanata 52 suka bi gyaran Sabi, 28 suka ƙi, 28 kuma ba sa nan. Abaribe ya sha kaye a lissafi. Amma kafin gari ya waye jerin sunayen ya karaɗe jaridu da wayoyi, har da na waɗanda aka kira ba su amsa ba, kowa ya ga inda wakilinsa ya tsaya. A watan Oktoban shekarar majalisar ta janye matsayinta, ta bar wa hukumar zaɓe ikon tsara yadda za a aika sakamako. Haka dokar ta fita, aka sa mata hannu ranar 25 ga Fabrairun 2022.

Sanatoci uku ke nan, babu wanda ya yi jawabin da za a tuna. Ɗaya ya ƙara sharaɗi, ɗaya ya nemi a cire, ɗaya ya san ƙa'idar da za ta tilasta a rubuta suna. Kuma labarin bai ƙare nan ba, domin kalmar da aka tsaya a kanta ta bar zaɓi ne a hannun hukumar, ba ta wajabta komai ba. Da aka je kotu bayan zaɓen shugaban ƙasa na 2023, masu ƙara suka kafa hujja da rashin ɗora sakamako a shafin hukumar a kan lokaci, kotun ƙoli ta yanke a watan Oktoban 2023 cewa dokar ba ta mai da aika sakamako ta na'ura wajibi ba. Alƙali ba ya karanta zafin muryar sanata. Abin da aka rubuta yake karantawa, kuma tazarar da ke tsakanin "tana iya" da "wajibi ne" ta fi duk wani jawabi da aka yi a ranar nauyi.

Ga kuma waɗancan 28 da ba sa nan. Yawansu ya fi ratar da ke tsakanin ɓangarorin biyu, wadda ita ce 24. Rashin zuwa ma matsayi ne, kuma shi ne mafi arha. Sashe na 54 ya ce zama ya halatta da kashi ɗaya bisa uku na 'yan majalisa, wato sanata 37 cikin 109, kuma doka ta yau da kullum rinjayen waɗanda suka kaɗa ƙuri'a kawai take buƙata. Ashe a ka'ida mutum 19 na iya zartar da abin da zai hau kan ƙasa baki ɗaya. Kundin ya tanadi cewa wanda ya ƙaurace wa fiye da kashi ɗaya bisa uku na zaman shekara ba da wani dalili ba zai rasa kujerarsa, amma sai an fito da rajistar halarta a fili kafin wannan tanadi ya yi haƙori.

To shin jawabi a zaure ba shi da wani tasiri ke nan? Yana da shi, amma ba kowane ba.

Jawabin da ya fi kowane tsawo a majalisar dattawan Amurka na shekaru da dama shi ne na Strom Thurmond a 1957, awa 24 da minti 18, yana neman hana dokar 'yancin baƙaƙen fata wucewa. Don ya ja lokaci har dokokin zaɓen jihohi ya yi ta karantawa ɗaya bayan ɗaya. Bai jima da zama ba aka zartar da dokar, bai sauya komai ba. Cory Booker ya karya wannan tarihi a 2025 da awa 25 da minti 5, yana sukar gwamnatin Trump, kuma shi babu ma wata doka takamaimai da yake tarewa. An kalla, an yaba, an kushe, majalisa ta ci gaba da aikinta.

Sai a kwatanta da muhawarar tazarce a Najeriya a 2006. Ƙudirin gyaran kundin tsarin mulki ne mai ɗauke da gyare-gyare sama da 100, amma kowa ya san guda ɗaya ake nufi, wanda zai ba shugaban ƙasa da gwamnoni damar wa'adi na uku. Shugaban majalisa Ken Nnamani ya bari aka haska muhawarar kai tsaye a talabijin, kuma ya ba sanatoci dama kowa ya tashi ya faɗi nasa. Wanda ya yi alkawari a ɗaki sai ya tarar dole ya maimaita shi a gaban mutanen da suka zaɓe shi. Ranar 16 ga Mayun 2006 ƙudirin ya faɗi a karatu na biyu, ya tafi da sauran gyare-gyaren duka, har da masu amfani. Ba fasahar wani mutum ɗaya ce ta kayar da shi ba. Shawarar yadda za a gudanar da muhawarar ce, kuma wannan shawara ce ta tsari.

Akwai kuma jawabin da ke faɗuwa a ranarsa ya tashi daga baya. A 1964, da aka kawo ƙudirin da ya ba Shugaba Johnson na Amurka damar faɗaɗa yaƙi a Biyetnam, sanata 88 suka amince, biyu kacal suka ƙi, Wayne Morse da Ernest Gruening. Dukansu sun rasa kujerunsu a 1968. A 1971 aka soke ƙudirin. Margaret Chase Smith ta miƙe ranar 1 ga Yunin 1950 ta soki salon ɗan jam'iyyarta Joseph McCarthy na yi wa mutane tambarin kwaminisanci ba hujja, a lokacin da manyan maza ke tsoronsa. Sanata shida ne kawai suka sa hannu tare da ita. Sai a Disambar 1954 majalisar ta yi Allah wadai da shi. Irin wannan jawabi darajarsa ita ce an rubuta shi a kundin zaman majalisa da kwanan wata, ba wanda zai zo daga baya ya ce ba a faɗa ba.

Amma idan ana neman sanatan da ya fi tasiri a kowace majalisa, a nemi wanda ya haddace littafin ƙa'idoji. A Amurka sanata na da damar ya riƙe magana ba iyaka, kuma ba a rufe muhawara sai da rinjaye na musamman. An kafa ƙa'idar rufewar a 1917 da kashi biyu bisa uku, aka sassauta ta a 1975 zuwa ƙuri'a 60 cikin 100. Wannan ne ya sa a can samun 51 bai isa a ce an yi nasara ba. Dokar 'yancin jama'a ta 1964 ta bi ta wannan ƙunci. Tun farko shugaban masu rinjaye Mike Mansfield ya hana a kai ta kwamitin shari'a, domin shugabansa James Eastland na Mississippi ya saba binne irinta, ya sa ta kai tsaye a jadawalin zaure. Sanatocin kudu suka riƙe magana har zama 60. Ana buƙatar ƙuri'a 67, kuma 'yan Dimokurat ba su da su su kaɗai. Hubert Humphrey, wanda ke jan ragamar ƙudirin, ya zauna da shugaban marasa rinjaye Everett Dirksen, aka yi ta gyaran kalmomi a ofis har Dirksen ya gamsu ya kawo mutanensa. Ranar 10 ga Yuni aka kira suna. Sanata Clair Engle na Kalifoniya, wanda ciwon daji a ƙwaƙwalwa ya hana shi magana, an turo shi a keken marasa lafiya. Da aka kira shi ya ɗaga hannu ya nuna idonsa, alamar amincewa. Aka tashi 71 da 29.

Cikin waɗanda suka yi ƙoƙarin tare wannan doka har da Robert Byrd, wanda ya kwana yana magana awa 14 da minti 13, abin da daga baya ya ce ya yi nadamarsa. Byrd ya zauna a majalisar daga 1959 har rasuwarsa a 2010, kuma abin da ya fi barin suna a kai wata ƙa'ida ce ta 1985 da ke ɗauke da sunansa. Akwai hanya ta musamman da ake bi da dokokin kasafin kuɗi, wadda rinjaye kaɗan ya ishe ta. Byrd ya lura ana cusa mata abubuwan da ba ruwansu da kuɗi don a kauce wa shingen 60, sai ya kawo ƙa'idar da ta ba kowane sanata damar ya tashi ya nemi a cire irin wannan cushe. A 2021 da ita aka fitar da batun ƙara mafi ƙarancin albashi zuwa dala 15 a awa daga ƙudirin tallafin korona. Mutumin ya shekara fiye da goma a kabari, ƙa'idarsa na yanke hukunci a zaure.

John McCain ma, ranar 28 ga Yulin 2017 da tsakar dare, da ya juya babban yatsansa ƙasa ya kayar da yunƙurin jam'iyyarsa na rusa wani ɓangare na dokar inshorar lafiya ta Obama, aka tashi 49 da 51, babban ƙorafinsa na tsari ne. Kwana uku kafin nan ya yi jawabi yana neman a koma bin hanya, a kai ƙudiri kwamiti, a ji ɓangarorin biyu. Duniya ta riƙe hoton yatsan, ta manta Susan Collins da Lisa Murkowski sun ƙi tun kafin shi, kuma ba don su ba da tasa ƙuri'ar ba ta isa ba.

Kada a ɗauka sanin ƙa'ida alheri ne a kowane hannu. A 2023 Tommy Tuberville na Alabama ya yi amfani da damar da sanata guda ke da ita ta ƙin amincewa a gaggauta abu, ya tsayar da ƙarin girman manyan hafsoshin soja sama da 400 kusan wata goma, saboda saɓaninsa da ma'aikatar tsaro kan wata manufa da ta shafi zubar da ciki. 'Yan jam'iyyarsa ma sai da suka fito suna roƙonsa a zaure. Ya janye a Disamba ba tare da an sauya manufar ba.

Duk wannan ba ya yiwuwa sai sanata na da kariya a kan abin da ya faɗa. Majalisu da yawa sun tanadi cewa ba a kai ɗan majalisa kotu a kan maganar da ya yi a zaure ko a kwamiti. Wanda ya fi kowa nuna faɗin wannan kariya shi ne Mike Gravel na Alaska, mutumin da ya kayar da Gruening a zaɓen fid da gwani. A ƙarshen Yunin 1971, gwamnatin Nixon na kotu tana neman hana jaridu buga takardun sirrin ma'aikatar tsaro kan yaƙin Biyetnam. Gravel ya so ya karanta su a zaure, ba a sami adadin sanatocin da ake buƙata ba. Sai ya tuna shi ne shugaban wani ƙaramin kwamiti mai kula da gine-ginen gwamnati, wanda ba ruwansa da yaƙi ko kaɗan. Ya kira zaman kwamitin da dare, ya yi ta karantawa har hawaye suka ci ƙarfinsa, sannan ya shigar da shafi kusan 4,100 cikin kundin kwamitin. Daga ranar suka zama takardun majalisa.

Sai dai kariyar daga kotu take, ba daga abokan zama ba. A Najeriya bulalar da sanata ya fi tsoro a hannun majalisar kanta take, wato dakatarwa. An dakatar da Ali Ndume wata shida a 2017, Ovie Omo-Agege a 2018, Abdul Ningi wata uku a 2024 bayan hirar da ya yi da sashen Hausa na BBC kan zargin cushe a kasafin kuɗi, sai Natasha Akpoti-Uduaghan wata shida a 2025. Kowane da nasa dalilin da nasa taƙaddamar, kuma a kan Ndume da Omo-Agege babbar kotun tarayya ta ce dakatarwar ba ta halatta ba. Majalisa na da ikon tsara harkokinta da ladabtar da 'ya'yanta, babu musu. Amma idan aka kori sanata wata shida, mazaɓa ce guda aka rufe wa baki, kuma sauran da ke zaune sun ga abin da ya faru. A ganina wannan na cikin dalilan da suka sa ake samun sanatan da ke da abin faɗa amma ya gwammace ya faɗe shi a zaman sirri, inda ba kundi ba shaida.

Zaman tantance waɗanda shugaban ƙasa ya naɗa ma wuri ne da ake gane mai shiri. Tambaya ɗaya da aka yi wa bincike ta fi yabo goma. Majalisar dattawan Najeriya ta taɓa ƙin amincewa da Ibrahim Magu a matsayin shugaban hukumar EFCC har sau biyu, a 2016 da 2017, ta kuma mayar da Lauretta Onochie a 2021 da aka kawo ta kwamishinar hukumar zaɓe. Amma al'adar cewa tsohon ɗan majalisa ya rusuna ya wuce ba tambaya ta cinye rabin amfanin zaman, ga shi kuma sunayen ministoci kan zo ba tare da ma'aikatun da za a ba su ba, sai a tambayi mutum komai da komai, wato ba a tambaye shi komai ba.

Abin da ya fi ɓoye aikin sanata, mai kyau da marar kyau, shi ne ƙuri'ar murya. Shugaba ya ce masu goyon baya su amsa, su amsa, masu adawa su amsa, su amsa, ya auna da kunnensa ya buga guduma. Ga ƙananan al'amura da ba jayayya hanya ce mai sauri, ba majalisar da za ta iya aiki ba tare da ita ba. Matsalar ita ce bayan an tashi kowa na iya cewa shi ya ƙi, ko shi ya yarda, gwargwadon wanda yake magana da shi. Kundin tsarin mulkin Amurka ya toshe wannan kafa tun farko, ya ce idan kashi ɗaya bisa biyar na waɗanda ke zaune suka nema, dole a rubuta sunan kowa da abin da ya zaɓa. Shi ya sa ake iya ɗauko ƙuri'un sanatan can na shekara talatin a baje su a gaban abokin takararsa. A Najeriya kayan aikin na nan. An yi amfani da na'urar kaɗa ƙuri'a ranar 1 ga Maris 2022 wajen gyaran kundin tsarin mulki, ranar da ƙudirorin da suka shafi ƙarin kujerun mata suka faɗi. Ba a dai mai da ita abin yau da kullum ba.

Har a inda kundin ya faɗi adadi ƙarara akan koma ga murya. A watan Maris na 2025 Shugaba Tinubu ya ayyana dokar ta-ɓaci a jihar Ribas, ya dakatar da gwamna da mataimakiyarsa da majalisar jihar na wata shida. Sashe na 305 ya ce sai kashi biyu bisa uku na dukan 'yan kowace majalisa sun amince, ba na waɗanda suka halarta kawai ba, wato sanata 73 ke nan. Ranar 20 ga watan majalisar dattawa ta shiga zaman sirri, ta fito ta amince da ƙuri'ar murya, majalisar wakilai ma da murya ta amince. Mai goyon bayan dokar ta-ɓacin da mai adawa da ita duk za su iya yarda a kan abu ɗaya, cewa kunne ba ya ƙirga 73. Wasu sanatoci sun fito daga baya sun ce ba su yarda ba, wasu sun yi shiru, kuma babu jerin sunayen da za a ɗauko a gwada maganar kowa da shi.